Waɗanda Suka Je Yaƙi Suka Dawo

Ba a yi shela ba, ba a buga tambari ba, amma mutanen Bama, wato tsofaffin sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama ta Asiya, sun ƙare a ƙasar Gobir. A zaman makoki na farga da haka, a Sabon Birni, cikin hirar nan da kan ɓarke bayan an shafa fatiha an gyara zama. Wani dattijo ya tuna cewa a da, in tsohon soja ya rasu, 'yan'uwansa na kaki sukan zo su jeru a ƙofar gida, su ƙame, su sara masa kafin a ɗauki makara, malamai na harararsu. Sai aka shiga lissafin waɗanda suka rage. Aka ambaci na unguwar kaza, aka ce ai tun zamanin Abacha. Aka ambaci na Gatawa, aka ambaci na wajen Isa, kowa sai a ce Allah Ya jiƙan rai. Lissafin ma a fili yake: yaron da aka ɗauka soja a 1942 yana ɗan shekara 18, in yana raye yau ya ba ɗari baya.

Mu da muka taso a shekarun 1970 mun same su da sauran ƙarfinsu. Ba sai an nuna maka su ba, tafiyarsu ta isa: ƙirji a gaba, hannu na lilo, ko da kuwa masallaci za su. Su ne masinjojin ofishin En'e, su ne masu gadin asibiti da makaranta, wasu dogarai, wasu 'yan doka, 'yan kaɗan da suka koyo tuƙi a bariki suka zama direbobin manya. Na unguwarmu, wanda muke kira Baba, kofur ne, mai gadin firamare, da tsagen Gobirawa rangaɗau tun daga gefen baki har gindin kunne. Yana da wani baƙin akwatin ƙarfe da aka rubuta lambarsa ta soja a murfi da farin fenti. In ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta matso, sai ya jawo shi ƙofar zaure. Yana buɗewa warin kafur da tsohon ulu zai bugi hancinka. Lambobinsa huɗu ne: taurari biyu na tagulla masu tsini shida-shida, da zagayayyu biyu masu kan Sarkin Ingila Joji na Shida. Toka yake tankaɗewa, ya matsa mata lemun tsami, ya dangwala da tsumma ya yi ta murza har sai tauraro ya ɗauki ido. Ɗaya daga ciki ƙyallensa ja ne a tsakiya, da shuɗi da ruwan goro a gefe. Wannan shi ne na Bama, kuma shi kaɗai ne yaro bai isa ya taɓa ba. Can ƙasan akwatin, naɗe cikin jakar fata, takardar sallamarsa take. Bai iya karanta ta ba, amma ya san inda Bature ya rubuta ranar da ya shiga da inda ya rubuta ranar da ya fita, yana ɗora yatsa a kai ba kuskure.

Labarinsa kullum daga Ikko yake farawa: jirgin ruwa mai hawa-hawa, makonni ba ganin ƙasa, amai har mutum ya ce gara mutuwa, sannan Bambai ta ƙasar Indiya, sannan daji. Daga nan sai ruwan sama. "Ku ba ku san ruwa ba," in ji shi. "Wanga da kuka kira damana, yayyahi na. Can ruwa ka yin kwana bakwai bai ɗauke ba, har takalmi shi ruɓe ga ƙahwar mutum." Ya faɗa mana matsattsaku da ke maƙale wa soja a cinya sai an ɗosana masa wutar taba yake saki, da gora mai kaurin da ake dafa shinkafa a cikinta, da abinci da ke saukowa daga sama a laima. Wannan na ƙarshen shi ne muka fi yi wa dariya a bayan idonsa. Abinci daga sama! Muka ce Baba ya fara.

Duk gaskiya ne. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, kuma jiragen sama ne ke jefo mata abinci da harsashi, don babu hanyar mota sai wadda sojojin suka sare da adda da diga. Runduna ta 82 ta biyo baya ta yankin Arakan, suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Wata birged ta 'yan Nijeriya kuma aka ba Janar Wingate cikin dakarunsa da ake kira Chindit, masu yaƙi a bayan abokan gaba. Sunayen nan suna nan a ƙofofin barikokinmu har gobe, Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, mutane na wucewa ba su san garuruwa da koguna da rundunoni ake tunawa ba. Abin da ya bambanta rundunonin nan da saura shi ne kan mutum. Turawa sun ga tsaunukan wurin ba su karɓar mota, sai suka ɗebi dubban samari aikinsu kawai dako: akwatin harsashi, gangar rediyo, ɓangarorin ƙaramar igwa, duk a ka, da yawansu ba bindiga a hannu sai adda.

Mu kuwa yara ba dako muke son ji ba. Mun ga tankar yaƙi a majigi da hotunan jarida, ita ce ta cika mana ido. Wata rana ɗayanmu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, kai ka taɓa shiga tanka?" Ya daɗe yana kallonsa. "Ɗan nan, na gane ta, na aza hannu gare ta. Amma mu ba a sa mu ciki. Mu ƙasa muka bi." Ya ci gaba da murza tauraronsa, bai ƙara ba.

Sai da na girma na gane cewa wannan 'yar amsa ta ƙunshi wani babban sashe na tarihin yaƙin. Tambayar wa zai zauna cikin ƙarfe, wa zai taka da ƙafa yana ɗauke da kaya, tambaya ce ta launin fata a kusan duk rundunonin ƙawance. A Amurka an daɗe ana musun ko baƙar fata zai iya sarrafa tanka. Da aka kafa bataliya ta 761 ta baƙaƙe a 1942, sai aka bar ta tana atisaye a Luwiziyana da Tekzas fiye da shekara biyu, a garuruwan da sojan da ke sanye da kakin ƙasarsa ba ya iya zama gaban bas. Sai a Nuwambar 1944, da Janar Patton ya matsu da buƙatar tankoki a Faransa, aka tura su fagen daga. Sun yi kwana 183 a jere suna yaƙi, ta Faransa da Beljiyam da Jamus, suka ƙare a Ostiriya inda suka haɗu da sojojin Rasha.

Yana da kyau mutum ya san abin da ake nufi da zama cikin tankar wancan zamani, don daga waje sai a ɗauka gata ne. Tankar Sherman ta Amurka nauyinta ya kai tan 30, mutum biyar ke cikinta: kwamanda, da mai harbi, da mai ɗura harsashi, da direba, da mataimakinsa mai riƙe da bindiga mai sarrafa kanta. Man fetur take sha, harsasan igwa kuma jere suke a jikin bango kusa da haƙarƙarin mutanen. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana sai ta wayar kunne, duniya kuma ta wani ɗan madubi ake leƙenta. In harsashin Jamusawa ya huda ta, ta kama wuta, ya zama kamar an kulle mutum biyar a tanderu, kowa na neman 'yar ƙofar da ke bisa kansa cikin daƙiƙoƙi. Wani saje na bataliyar, Ruben Rivers, nakiya ta tsaga masa ƙafa har ƙashi, ya ƙi yarda a mai da shi baya, ya hau wata tankar ya ci gaba, aka kashe shi bayan kwana uku, ran 19 ga Nuwamba 1944. Babbar lambar yabo ta ƙasarsa ba ta iso ga danginsa ba sai 1997. Ita kanta bataliyar sai a 1978 Shugaba Carter ya ba ta yabon da aka nema mata tun ƙarshen yaƙi.

Faransa ma haka ta yi, ko fiye. Dakarun Janar Leclerc daga Chadi suka taso, baƙaƙen Afirka ne ƙashin bayansu lokacin da suka keta Sahara. Da aka zo mai da su rundunar tankoki a 1943, aka ba su Sherman, sai aka tsame baƙaƙen. Rundunar da ta shiga Paris a Agustan 1944 ana jifanta da furanni ba ta da fuskokin waɗanda suka faro tafiyar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin iyakar da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ta ratsa tsakiyar Gobir ne. Ɗan wa a Sabon Birni ya sa kakin Ingilishi, ɗan ƙane a Tsibiri ko Madawa ya sa jar dara ta Faransa, kowannensu ya tafi yaƙin wanda bai taɓa gani ba.

Ga Bagobiri kuwa, a ce masa ya bi ƙasa wani yana cikin ƙarfe, akwai ciwo na daban. Gobir ƙasar mayaƙa ce, kuma ƙarfinta a kan doki mai lifidi yake. Duk wanda ya ga hawan salla a Isa ko Sabon Birni kafin abubuwa su lalace ya ga ragowar abin: doki lulluɓe da lifidi mai kauri har gwiwa, mahayi da sulke da kwalkwali mai gashin jimina, gumi na tsiyaya, ƙasa na amsawa in sun taho. Su ne aka ce ana sa wa gaba su fasa sahun abokan gaba, kibiya ta maƙale a auduga ba ta kai ga nama ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa, wanda ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da irin wannan duniyar ta dawaki da mazaje suka cika kunnen iyayenmu. Amma tarihin da muka gada yana da wani darasi da ba mu cika son maimaitawa ba. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifida da dawaki masu yawa, jama'ar Shehu Usmanu kuwa dawakinsu 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. 'Yan bakan ne suka yi rinjaye. Alƙalawa, wadda kufanta ke nan kusa da mu, ta faɗi a 1808. Aka sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, aka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya kafa Sabon Birni. Garinmu kansa yaƙi ne ya haife shi. Zaman lafiyar da muka buɗe ido muka gani, muka ɗauka haka duniya take tun fil azal, bai fi tsawon rayuwar mutum ɗaya ba.

Ba na son in yi wa zamanin su Baba kwalliyar da ba tasa ba. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Takarda ce ke zuwa daga Bature zuwa ga sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa mai gari: a kawo mutum kaza. Kowa ya san ba ɗan mai gari ake kaiwa ba. Maraya ne, da ɗan talakan da ya kasa biyan haraji, da mai taurin kan da aka gaji da shi. A shekarun nan ne kuma, daga 1942 zuwa 1944, ake ɗibar mutane aikin tilas na haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Wasu sun shiga soja ne da ƙafarsu, don albashi, ko don an hana su matar da suke so, ko don su ga duniya. Sarakuna sun ƙarfafa gwiwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana buga labaran fagen fama, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je ya gano su a can. Amma da aka gama, abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Takardun gwamnatin Ingila da aka tono a 2019 sun nuna cewa a rundunar Gabashin Afirka, farabiti Bature sule 10 ake lissafa masa na kuɗin sallama a kan kowane watan da ya yi, baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Na ɓangaren Faransa sun fi shan wuya: a Thiaroye ta Senigal, ran 1 ga Disambar 1944, bindige su aka yi don sun nemi haƙƙinsu, daga ƙarshen 1959 kuma aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, sai bayan shekara ta 2000 aka fara gyarawa, lokacin mafi yawansu na ƙasa.

Mu ma a gida ba mu yi musu adalci ba. Akwai wanda ya dawo ba ya barci, in aka yi tsawa sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Akwai mai dukan iyali, akwai wanda ya koyo shan abin da ba a sha a garinmu. Duk magana ɗaya muke da ita a kansu: allurar soja ta motsa. Yara su bi mutum suna "lef, rai, lef, rai", manya na murmushi. Yau likitoci suna da suna da magani ga wannan ciwo na wanda ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. A lokacin abin dariya ne, kuma wannan yana cikin abubuwan da ban yi kewarsu ba ko kaɗan.

Ƙofar tankar ta buɗe mana daga baya. A yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, rundunar sojan Nijeriya ta kumbura daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, har aka sake kiran wasu mutanen Bama suka koma kaki da furfurarsu. Samarin ƙasarmu da yawa sun tafi, wasunsu suka hau motocin sulke ƙirar Ingila, Saladin da Ferret. Bayan yaƙi aka sayo tankoki sosai, aka yi makarantar koyon sarrafa su a Bauci. Janar Babangida daga wannan sashe ya fito. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ma tsohon hafsan rundunar tankoki ne: ya riƙe bataliyar sintiri ta 241 a Kaduna, ya jagoranci bataliyar tankoki ta 231 ƙarƙashin ECOMOG a Saliyo a ƙarshen shekarun 1990, ya yi wakilcin soja a Pakistan, aka naɗa shi a Nuwambar 2006, ya yi ritaya yana birgediya janar. A zamanin mahaifinsa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka kwashi su Baba suka tafi dako a Bama. Tsakanin uba da ɗa, baƙin mutum ya tashi daga mai ɗaukar akwatin harsashi zuwa mai ba tankoki umarni. Wannan ci gaba ne na gaske, duk wanda ya raina shi bai san inda aka fito ba.

Abin da ba wanda ya hango shi ne ranar da za mu ga motar sulke ba a majigi ba, a bakin kasuwarmu. Yanzu tana nan a mashigar gari, ƙura ta canza mata launi, an jera buhunan yashi a gabanta. Wani soja ɗan Kudu ya shanya singiletinsa a kan ƙofarta, wani na zaune a inuwarta yana danna waya, 'yan mata masu tallan fura da ruwan leda na kewayawa. In ɗan Yarbawa ne cikinsu, tsofaffin gari har tsokanarsa suke, su ce bawansu ya zo gadin iyayen gidansa, don wasan taubasantakar Gobirawa da Yarbawa bai mutu ba. Yaran da ke wasa a wurin ko ɗaga kai ba sa yi. Mu mun yi shekaru muna mafarkin ganin irinta, su kuwa sun san ta fiye da yadda suka san motar ɗaukar marasa lafiya, har suna iya gaya maka ƙarar bindigar soja da ta ɓarayin daji daga nesa.

Dalilin zuwanta kowa ya sani. A Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari, suka kashe mutum fiye da 60 a yini guda. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankin, mutane suka koma neman sabis na Nijar a kan tudu. A Disambar shekarar aka tare motar fasinja a wajen Gidan Bawa aka banka mata wuta da mutane a ciki, fiye da 20 suka ƙone. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙo. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, ta hanyoyin da kakanninsu suka bi suna gudun wani yaƙin. Ƙauyuka na haɗa kuɗi su biya ɗan bindiga kafin su yi noma, su sake biya kafin su girbe. Sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya zama abin da ake rage murya kafin a ambata.

Kuma ƙarfen bai raba gardama ba. A ƙarshen Agustan 2024, a Kwashaɓawa ta ƙasar Zurmi, maƙwabtanmu, motocin sulke biyu suka kafe a taɓo, daga baya aka ga 'yan bindiga a bidiyo suna murna a kansu. Wanda ya san fadamun Gulbin Rima da Bunsuru da damina bai yi mamaki ba. Mota mai nauyin tan da yawa tana bin hanya ne, shi kuwa mai babur, su uku a kai da bindigogi, yana bin burtali da gefen gona da cikin kwazazzabo, ya san kowace marƙe a dajin. Na san sojojin da ke cikin motocin nan 'ya'yan talakawa ne su ma, da yawa sun bar ransu a ƙasar da ba su san sunanta ba kafin a turo su, kuma akwai garuruwan da ba don su ba da yanzu kufai ne. Amma duk Bagobirin da ya san Tabkin Kwatto ya san mai nauyi ba kullum yake cin mai sauƙi ba.

Da na zauna ina auna abin da muka rasa da tafiyar mutanen Bama, sai na ga ba jaruntaka ba ce, don ita ba ta ƙare ba. Matar da ta goya ɗa ta riƙe biyu ta kwana tana tafiya cikin dare zuwa iyaka ba ta gaza kowane kofur ba. Abin da suka tafi da shi shi ne yaƙi mai ranar shiga da ranar fita. A wurinmu yara, tsohon soja shaida ne mai tafiya da ƙafa cewa yaƙi wani wuri ne can nesa, ana zuwa, ana gamawa, a dawo a yi aure a nemi aikin gadi a tsufa. Ko wanda ya dawo da taɓin hankali, ya dai dawo. Na yanzu ba a ɗauki kowa ba, kuma ba a sallami kowa ba. Manomi na ciki, ɗan kasuwa na ciki, liman na ciki. Saurayin da ya shiga 'yan sa-kai da bindigar toka ba shi da lamba, ba shi da takarda, in ya faɗi iyalinsa ba su da ofishin da za su je, in kuma ya yi ɓarna, kamar yadda wasunsu suka yi wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, ba kotun sojan da za ta tuhume shi. Wancan yaƙin na wasu ne, an zalunci waɗanda suka yi shi, amma yana da rajista. Wannan namu ne, a ƙofar gida, kuma ko adadin mamatansa ba mai riƙe da shi sai limaman da suka yi musu salla.

Hira ma ta sauya. Baba yana ba da labarinsa ne bayan shekara talatin, ya tace shi, ya san inda zai sa dariya da inda zai yi shiru, akwai kuma abin da bai taɓa faɗa wa yaro ba. Yau kafin a binne mutum hotonsa ya zagaya wayoyi, ba tacewa, ba sakaya, yaro ɗan shekara goma ya gani kafin uwarsa. Ta wani gefen wannan riba ce, don ba mai iya cewa abin bai faru ba, kuma da ba don waya ba da yawan abin da aka yi a ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba zai wuce kunnen hakimi ba. Sai dai hoton gawa ba ya gaya maka wane ne mutumin, kuma bayan sati wani ya danne shi.

A Amurka, tun shekara ta 2000 majalisar ƙasar ta ɗora wa babban ɗakin karatunta aikin tattara muryoyin tsofaffin sojoji. Jika ko ɗan makaranta ya zauna da tsoho, ya ɗauki maganarsa, a adana, har da wasiƙu da hotuna. Shi ya sa direban tankar da ba wanda ya sani a wajen ƙauyensu, yau ana iya jin muryarsa yana faɗin yadda sanyi ya kama yatsunsa a Beljiyam. Namu sun tafi da nasu a ciki, akwatunan kuma an zuba tsummokara ko an sayar wa 'yan gwangwan. Na yaƙin basasa dai da sauransu a Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da ba a tasa ba, ƙaraminsu ya haura 70, wasu cikinsu sun zauna cikin Saladin, sun san abin da su Baba ba su samu sani ba. Ɗaliban tarihi na jami'a a Sakkwato kowa na da wayar da za ta ɗauki hirar awa uku. Sai dai duk wanda zai je, ko ta Goronyo ko ta dajin Gundumi, dole ya fara tsayawa a tasha ya tambayi direbobi ko hanya ta yi kyau yau.